Nas Goma Sha Biyu a Unguwa Ɗaya: Nazarin Tsarin Buurtzorg na Kula da Tsofaffi a Gidajensu a Ƙasar Holan

A ƙasar Holan, wadda yawan jama'arta ya kai kimanin miliyan 18, mutum ɗaya cikin kowane biyar ya kai shekara 65 ko ya wuce, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 75 a gidajensu suke zaune. Da yawa daga cikinsu su kaɗai ne a gidan, domin abokin zama ya rasu, 'ya'ya kuma aiki ya kai su wasu garuruwa. Tsohuwar da ciwon suga ya rage wa gani, ƙafafunta suna kumbura, hannunta yana karkarwa, ba za ta iya ci gaba da kwana a ɗakinta da girka abin da ranta yake so ba sai an sami mai leƙo ta a kai a kai. Hukumomin ƙasar sun daɗe da amincewa cewa samar da wannan mai leƙowa nauyi ne a kan al'umma gaba ɗaya, har ma ƙasar tana sahun gaba a duniya wajen kashe kuɗi a kan kulawa ta dogon lokaci. Abin da aka yi shekaru ana taƙaddama a kai shi ne wane ne zai shiga gidan, me zai yi idan ya shiga, kuma wa ke da ikon yanke shawarar abin da tsohon yake bukata. Wannan nazari ya tsaya ne a kan wata ƙungiya guda, Buurtzorg, wadda ta amsa waɗannan tambayoyi ta hanyar da ta sauya jinyar gida a ƙasar baki ɗaya.

Yadda aka yayyanka jinya zuwa mintuna

Jinyar gida ba baƙon abu ba ce a Holan. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai da ake kira ƙungiyoyin kuros: Farin Kuros a 1875, Koren Kuros a 1900, daga baya kuma mabiya ɗariƙar Katolika suka kafa nasu. Magidanci yakan biya ɗan kuɗin ƙa'ida a shekara, idan ciwo ya kwantar da wani a gidansa sai a turo nas ɗin unguwa, a kuma ara musu gadon jinya ko sandar dogarawa. Wannan nas, wadda yawanci a kan keke take zagayawa, ta san gidan da aka yi haihuwa, ta san gidan mai tarin fuka, ta san tsohon da ba shi da kowa, kuma ita take duba halin da mutum yake ciki ta tsara abin da za a yi masa.

A 1968 aka kafa dokar inshorar ƙasa ta kulawar dogon lokaci, wadda ake taƙaita sunanta da AWBZ, sannu a hankali kuma kuɗin jinyar gida ya koma ƙarƙashinta. Daga wajajen 1990 aka riƙa haɗe ƙananan ƙungiyoyin zuwa manyan cibiyoyi masu dubban ma'aikata, bisa tunanin cewa girma yana kawo arha. Aka rarraba jinya gida-gida kamar kayan sayarwa, kowane aiki da farashinsa da lokacinsa: wanka daban, wanke ciwo daban, allura daban, sanya safar matse ƙafa daban. Aka karɓe ikon tantance bukatar majinyaci daga hannun nas aka ba wani ofishi na dabam, wanda daga 2005 ya zama hukuma guda ta ƙasa. Wani ma'aikaci a ofis, wanda bai taɓa ganin majinyacin ba, shi yake tsara wa nas gidajen da za ta shiga da mintunan da za ta yi a kowanne, ita kuma dole ta rubuta lokacinta minti biyar-biyar. Tun da farashin ayyukan ya bambanta, sai cibiyoyin suka riƙa tura mai ƙarancin horo ya yi aiki mai arha, su adana ƙwararriyar nas don aikin da doka ta ce sai ita.

Ba da mugun nufi aka yi wannan tsari ba, an yi shi ne domin a san inda kuɗin jama'a yake tafiya, kuma kada wani majinyaci ya sami fiye da wani saboda sanayya. Amma abin da ya haifar a cikin gidan tsoho ya isa abin dubawa. Da safe wata ta zo ta yi masa wanka ta fita, wata ta biyo baya ta yi masa allurar insulin, ta uku ta zo ta sauya bandejin gyambon da ke ƙafarsa, gobe kuma wasu fuskoki ne dabam, ta yadda a wata guda mutum yakan tuɓe tufafinsa a gaban baƙi masu yawan gaske. Ga wanda gigin tsufa ya fara taɓawa, kowace sabuwar fuska abin firgita ce. Kowace ma'aikaciya ta yi aikinta daidai da abin da takarda ta ce, amma babu wadda alhakin mutumin gaba ɗaya yake wuyanta, saboda haka babu wadda ta lura cewa abincin da ke firiji na makon jiya ne, ko ƙwayoyin maganin daren jiya suna nan ba a sha ba, ko kuma ramar da yake yi ta fara ne tun rasuwar matarsa. Akwai kuma illar da ta fi wannan ɓoyuwa: tun da awa ake biya, cibiyar da ta koya wa tsoho yi wa kansa abu ta rage wa kanta kuɗin shiga ke nan. Tsarin da aka gina don mutum ya zauna da ƙafarsa sai ya zama yana ba da lada ga mai ƙara masa dogaro da wasu.

Abin da aka fara a Almelo

Jos de Blok nas ne da ya yi aikin unguwa a zamanin tsohon tsari, daga baya ya hau kujerar shugabanci a manyan cibiyoyin, don haka ya ga lamarin ta fuska biyu. A 2006 ya ajiye aikinsa, shi da wasu abokan aiki kaɗan suka kafa Buurtzorg, wato kulawar unguwa, a garin Almelo da ke gabashin ƙasar kusa da iyakar Jamus, suka fara da tawaga guda ta nas huɗu. Gidauniya ce wadda ba riba take nema ba, kuma daga asusun inshorar da sauran cibiyoyi suke karɓar kuɗi ita ma take karɓa. Ba a ba ta wata doka ta musamman ba, ba a ƙara mata kuɗi ba. Abin da ta sauya shi ne yadda ake tsara aikin.

Tawaga ba ta wuce mutum 12, tana kula da majinyata 40 zuwa 60 a unguwa mai mutum dubu biyar zuwa dubu goma. Idan aiki ya ƙaru har ana bukatar ƙarin hannu fiye da haka, sai tawagar ta rabu biyu maimakon ta kumbura, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Babu shugaba a cikinta. Nas-nas ɗin da kansu suke nemo ɗan ofishin da za su kama haya a unguwar, su suke ɗaukar sabuwar abokiyar aiki bayan sun yi mata tambayoyi, su suke tsara wa zai yi safe wa zai yi dare, wa zai riƙe wayar gaggawa, wa zai tafi hutu, su suke karɓar sabon majinyaci su tattauna da likitan iyalinsa da mai kantin magani da asibitin da ya sallamo shi. Ayyukan da manaja yake yi a wasu wurare, irin su lura da kuɗi da jadawali da horar da sabbin shiga, sai aka rarraba su a tsakaninsu. A taronsu ba a jefa ƙuri'a mai rinjaye ya danne maras rinjaye. Ana zartar da shawara ne idan babu wadda take da ƙwaƙƙwarar hujjar ƙin ta, kuma ana iya sake duba ta idan ta ƙi aiki. Ana kuma ƙoƙarin kada majinyaci ya ga fiye da fuska uku ko huɗu, ɗaya daga cikinsu ita ce ke riƙe da al'amarinsa.

Ziyarar farko ita ce ginshiƙin komai, kuma a ƙungiyar suna da wata magana da suke yawan faɗa, cewa a fara shan kofi tukuna kafin jinya. Nas takan zauna a ɗakin girkin tsohuwa, ba ta fara da ciwo ba, ta fara da rayuwa: me kike iya yi wa kanki har yanzu, me kike son ki koma yi, wa yake shigowa gidan nan, yaushe rabon 'yarki da zuwa, kuna gaisawa da maƙwabta, akwai majami'a ko ƙungiyar da kike zuwa a da? Daga amsoshin take gina tsarin kulawa, kuma a jere take bi. Abu na farko shi ne ƙarfin majinyacin kansa. Na biyu shi ne mutanensa, dangi da maƙwabta da 'yan sa kai. Sai abin da waɗannan biyun suka kasa ɗauka ne tawagar take ɗauka, sannan ta nemo likita ko mai gashi da motsa gaɓoɓi idan ana bukata. Manufar da aka ɗora wa nas ita ce ta yi aiki har ta kai ranar da ba a bukatarta a gidan, ko kuma a rage bukatarta gwargwadon hali.

Safar matse ƙafa ta isa misali, domin tana cikin ayyukan da suka fi cin lokacin ma'aikatan jinyar gida a Holan. Tsoho mai kumburin ƙafa dole ya sa ta da safe ya cire da dare, ga ta da tauri, mai raunin yatsu ba ya iya jan ta. A tsarin mintuna, wannan ziyara biyu ce kullum har ƙarshen rayuwa, ma'ana mutum ba zai fita da safe ba sai an zo, ba zai kwanta ba sai an zo, ba zai je ya kwana wurin ɗansa ba sai an yi shiri. Nas ɗin da ke da ikon tsara lokacinta takan zo da wani ɗan ƙarfe ko santsin leda da aka ƙera don zura safar, ta durƙusa ta nuna masa yadda zai ɗora safar a kai, ya zura ƙafa, ya ja da hannu biyu, ta bar shi ya gwada ya kasa ya sake gwadawa, ko da ziyarar ta ninka lokacinta na 'yan makonni. Idan ya iya, ziyara biyu a rana ta koma leƙowa jefi-jefi, safiyarsa da darensa sun dawo hannunsa. Haka ake yi da maganin ɗigawa a ido, inda akwai wani tabarau mai ɗan rami da yake riƙe kwalbar daidai saitin ido, haka ake yi da allurar insulin, haka ake yi da na'urar da take ƙara idan lokacin shan magani ya yi ta fito da ƙullin ƙwayoyin wannan lokaci kaɗai. Ba Buurtzorg ce ta ƙirƙiro waɗannan kayayyaki ba. Abin da ta samar shi ne ma'aikaciyar da take da lokaci da dalilin koyar da amfani da su.

Wani abin da ya ba masu lissafi mamaki shi ne yadda ƙungiyar ta ƙi raba aiki tsakanin mai tsada da mai arha. Galibin ma'aikatanta ƙwararrun nas-nas ne, da yawansu masu digiri, kuma wadda ta zo wanke ciwo ita za ta yi wa majinyaci wanka, ta taya shi sa tufafi, idan ta kama ma ta haɗa masa abin karyawa. A takarda wannan almubazzaranci ne. Amma a wurin wanka ne ake ganin jan tabon da ya fara fitowa a ƙugu kafin ya zama gyambon kwanciya, a nan ake jin numfashi ya sauya, a nan mutum yake sakin jiki ya faɗi cewa jiya ya faɗi a banɗaki bai gaya wa kowa ba don tsoron kada a kai shi gidan tsofaffi. Idon da ya san ma'anar waɗannan alamu yana iya tare kwanciyar asibiti tun daga nesa. Domin a sauƙaƙa lissafi, ƙungiyar ta nemi a riƙa biyan ta farashi guda a kowace awa, ko wane irin aiki aka yi a cikinta.

Duk wannan ba zai yiwu ba da nauyin takardu yana kan nas-nas. Hedikwatar da ke Almelo, mai ma'aikata kimanin 50, ita take ɗauke da albashi da kwangila da karɓar kuɗi daga kamfanonin inshora. Akwai manhajar intanet ta ƙungiyar, wadda kowace nas take shiga ta kwamfutar hannu ta rubuta halin majinyaci, ta ga awannin tawagarta, ta yi tambaya abokan aiki daga wani gari su amsa. Akwai kuma masu ba da shawara 'yan ƙalilan, kowannensu da tawagogi masu yawa a ƙarƙashin kulawarsa, waɗanda ake kira idan rikici ya taso ko lissafi ya ƙi daidaita, amma ba su da ikon ba da umarni. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin aikin tawaga ya kasance a gaban majinyaci. Da wannan tsari kuɗin gudanarwa ya tsaya a wajen kashi 8 cikin 100, alhali a sauran cibiyoyi yana kaiwa kusan kashi 25. Nas-nas suka riƙa barin wuraren aikinsu rukuni-rukuni suna neman a ba su izinin kafa tawaga a unguwarsu. Zuwa 2015 ƙungiyar tana da nas kimanin 8,000 a tawaga kusan 700, daga baya ta haura 10,000, kuma sau da dama ana zaɓen ta a matsayin wurin aikin da ma'aikata suka fi gamsuwa da shi a ƙasar.

Abin da lissafi ya nuna

A 2009 kamfanin binciken lissafin kuɗi na Ernst & Young ya fitar da wani bincike da ya nuna cewa Buurtzorg tana amfani da kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na awannin da aka amince wa majinyatanta, yayin da sauran cibiyoyi suke amfani da kusan kashi 70. Wannan adadi ya zagaya duniya, amma abokan hamayya suka yi zargin cewa masu sauƙin ciwo take tsinta ta bar musu masu nauyi. Sai ma'aikatar lafiya ta sa wani kamfanin binciken lissafin kuɗi, KPMG, ya sake dubawa, tare da la'akari da shekaru da nauyin ciwon majinyata, aka fitar da sakamakon a 2015. An gano cewa majinyacin Buurtzorg yana samun awa 108 a shekara, matsakaicin sauran kuwa awa 168 ne, kuma duk da cewa awarta ta fi tsada, jimillar kuɗin jinyar gida na kowane majinyaci ya yi ƙasa da na akasarin cibiyoyi. Kuɗin da ake kashewa a kansu a gidajen kula da tsofaffi ma ya yi ƙasa. Sai dai kuɗin likita da asibiti na majinyatanta ya fi na mafi yawan sauran, ta yadda da aka tara komai wuri guda, abin da ƙasa take kashewa a kan majinyacin Buurtzorg ya zo daidai da matsakaici.

A ganina wannan sakamako na biyu ya fi na farko amfani, ko da yake bai kai shi daɗin faɗa ba. Wanda yake neman tsarin don ya rage kasafin lafiya da rabi ba zai sami hujjarsa a nan ba. Abin da aka tabbatar shi ne cewa da kuɗi ɗaya za a iya sayen abu biyu mabambanta: ko dai awanni masu yawa daga hannun baƙi masu sauyawa, ko kuma awanni kaɗan daga ƙwararriyar da ta san mutum, tare da gamsuwar majinyata da ta ma'aikata wadda binciken jin ra'ayi ya sha nunawa. Ga tsohon da burinsa shi ne ya kwana a gadonsa ya buɗe ƙofarsa da kansa, bambancin da ke tsakanin biyun ba ƙarami ba ne.

Abin da tawagar take tsaye a kai

Kuskure ne a ɗauka cewa nas goma sha biyu su kaɗai suke riƙe tsoho a gidansa. A 2013, a jawabinsa na buɗe majalisa, Sarki Willem-Alexander ya bayyana cewa tsohon tsarin da gwamnati take ɗauke wa kowa komai yana sauyawa zuwa wanda ake sa ran duk mai iko ya ɗauki nauyin kansa da na na kusa da shi. Tun a wannan shekara aka fara daina karɓar masu ƙaramar bukata a gidajen tsofaffi, da yawa daga gidajen suka rufe. A 2015 aka soke dokar AWBZ aka raba aikinta uku. Masu bukatar a tsaya a kansu dare da rana suka koma ƙarƙashin sabuwar dokar kulawar dogon lokaci. Jinyar gida ta koma cikin inshorar lafiya ta kowa da kowa, ba tare da majinyaci ya biya wani abu daga aljihunsa a kanta ba, aka kuma mayar wa ƙwararriyar nas ɗin unguwa ikon tantance bukatar majinyaci, wanda shi ne abin da Buurtzorg ta yi shekaru tana kira a kai. Sauran taimakon zaman gida kuwa aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomi.

Wannan kashi na uku shi ne wanda ba a cika ambata ba, alhali sau da yawa shi yake raba gardama tsakanin zama da tashi. Tsoho ko ɗansa yakan sanar da ƙaramar hukuma, cikin mako shida jami'i ya zo gida a yi abin da suke kira hirar teburin ɗakin girki, a duba abin da mutum yake iyawa da abin da danginsa za su ɗauka, sannan a ga abin da ya rage. Daga nan ake samun mai zuwa shara da wanki na 'yan awanni a mako, kujerar lantarki mai hawa da mutum bene, gyaran banɗaki, keken guragu ko ɗan babur mai batir, motar haya mai rangwame, da wurin wuni inda masu gigin tsufa suke yini tare don mai jinyarsu ya sarara. A gefe guda akwai masu kawo dafaffen abinci har ƙofa, da maɓallin neman agaji da ake ratayawa a wuya, wanda idan mutum ya faɗi ya danna za a amsa masa a turo wanda ke da damar buɗe gidan.

Sai dai an miƙa wa ƙananan hukumomi wannan aiki ne tare da zaftare kuɗinsa, musamman na masu shara da wanki. Wasu hukumomin suka rage wa tsofaffi awanni ba tare da sun duba gida-gida ba, har sai da babbar kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta yanke hukunci a watan Mayun 2016 cewa taimakon aikin gida yana cikin abin da doka ta wajabta musu, kuma ba a rage shi sai da bincike na haƙiƙa. A wannan shekara ce kuma TSN, ɗaya daga manyan kamfanonin masu aikin gida, ya durƙushe, Buurtzorg ta karɓi wani kaso na ma'aikatansa. A 2019 aka sa kuɗin da mai cin gajiyar taimakon ƙaramar hukuma zai biya ya zama ɗaya ga kowa, wanda a 2020 ya kasance Yuro 19 a wata. An yi haka ne don a sauƙaƙa wa jama'a, musamman masu matsakaicin ƙarfi, amma masu hali da a da suke ɗaukar mai aiki da kuɗinsu su ma suka shigo layi, jiran ya ƙara tsawo a wurare da dama.

Nauyin da ya fi kowanne kuwa yana kan iyali. Kimanin mutum miliyan biyar a Holan suna kula da wani nasu ba tare da albashi ba, kuma a gidan mai gigin tsufa yawanci matarsa ce ko mijinta, wanda shi ma tsoho ne. Tambayar da nas take yi a ziyarar farko, wa za a iya kira ya taimaka, tambaya ce mai kyau idan akwai wanda za a kira. Idan 'ya ɗaya ce, ga aikinta ga 'ya'yanta ga tafiyar awa biyu, to kalmar dogaro da kai tana iya zama hanyar sauke mata kayan da ya fi ƙarfinta. Nas ta gari takan sa ido a kan mai jinyar kamar yadda take sa wa majinyacin, ta nema mata hutu kafin ta faɗi, amma ba kullum wurin hutun yake samuwa ba. Akwai kuma tsofaffin da suka zo ƙasar aikin ƙwadago daga Turkiyya da Maroko tun shekarun 1960, waɗanda da yawansu ba sa neman taimakon hukuma sai abu ya ɓaci, ko don harshe, ko don kunyar a ce 'ya'yansu sun gaza, ko don rashin tabbacin cewa mace ce za ta yi wa mace wanka. Ƙaramar tawagar da take zaune a unguwa ta fi babbar cibiya damar sanin waɗannan gidaje da girmama ƙa'idodinsu, muddin ta ɗauki hakan a matsayin aikinta.

A cikin tawagar ma 'yancin yana da tsadarsa. Inda babu shugaba, saɓanin da ya shiga tsakanin mutum biyu yana iya cin kowa, kuma mai ƙarfin baki tana iya zama shugabar da ba a naɗa ba. Wayar gaggawa ta dare tana zagayowa da sauri idan mutum goma ne kawai suke karɓa-karɓa. Aikin jinyar gida da safe da yamma yake taruwa, saboda haka da yawa ba sa samun cikakkun awannin aiki, wasu kuma sukan ƙarasa jadawali da rubuce-rubuce a gida bayan an tashi. Wasu cibiyoyin Holan da suka kwaikwayi tsarin ta hanyar sallamar manajoji kawai, ba tare da sun rage takardu ko sun ba tawaga iko na gaske ba, sun ƙare da mayar da manajojin.

An gwada tsarin a Suwidin, Japan, Amurka, Faransa, Jamus da Birtaniya, kuma sakamakon ya bambanta. Gwajin da aka yi a yankin Suffolk ta Yamma a Ingila daga 2017, wanda cibiyar nazarin lafiya ta King's Fund ta bibiya, ya nuna inda gizo yake saƙa. Majinyata sun yaba kulawar, amma ɗaukar ma'aikata da riƙe su ya yi wuya, manhajojin hukumomi ba sa magana da juna, kuma a Ingila jinya kyauta ce a ƙarƙashin hukumar lafiya, yayin da wanka da sa tufafi suke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ana kuma duba dukiyar mutum kafin a ɗauke masa kuɗinsu. Nas ɗin da take son ta haɗa biyun a ziyara guda sai ta tarar asusu biyu ne da dokoki biyu. A Holan asusu guda ne yake biyan jinya da wankan majinyaci, kuma a kan wannan haɗin tsarin ya tsaya.

Matsalar da take gaban ƙasar yanzu ta hannu ce fiye da ta kuɗi. Majalisar masana da take ba gwamnati shawara ta yi gargaɗi a 2021 cewa idan aka ci gaba a yadda ake, zuwa 2040 sai mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ya kasance a fannin lafiya da kulawa kafin a biya bukata. A 2022 ma'aikatar lafiya ta fitar da shirin da ya ce mutum ya yi da kansa idan zai iya, a gida idan zai yiwu, ta na'ura idan ta wadatar, kuma ba za a ci gaba da ƙara gadaje a gidajen kula da tsofaffi daidai da ƙaruwar tsofaffin ba. Ma'anar wannan ita ce waɗanda tawagogin unguwa za su riƙa tararwa a gida za su fi na da tsufa, su fi su ciwo, da yawansu kuma suna jiran gurbin da bai samu ba. Koya wa mutum sa safarsa da kansa yana aiki ga mai sauran ƙarfi da hankali. Ga wanda ya manta ya kashe murhu, ko yake fita tsakar dare neman gidan iyayensa, ziyara uku a rana ba ta cike sauran awannin, kuma a irin waɗannan gidaje nas ɗin da aka horar don ta riƙe mutum a ɗakinsa ita ce takan zaunar da iyali ta gaya musu cewa zaman gida ya daina zama alheri gare shi, sannan ta taya su cike takardar neman gurbi, ta ci gaba da zuwa har ranar da aka samu.